Itacen Bakin Rijiyarmu

A shekarun da mata ke jidar duwatsu wurin aikin raya karkara da muke kira furoje, ba a kawo muna famfo ba tukuna. Rijiya guda ke shayar da ƙauyenmu, can cikin kwari, gabas da Tamaske. An gitta itacen gawo a bakinta, igiya ta ci shi har ya yi santsi. Mai jan ruwa takan hau bisansa da ƙafa biyu, ta duƙa, ta ja.

Muna da doka wadda ba wanda ya taɓa faɗa da baki. Wadda ke bisa itace, a gaishe ta, a yi mata waƙa, a tsokane ta, duk ba komi. Amma ba a yi mata tambayar da sai ta yi tunani.

To, wata rana ƙanwar maigidana ta zo biki. Tun tana ƙarama ta bar ƙauye, tana wanki a asibitin mishan, inda ake murɗa ƙarfe ruwa ya zubo. Ta biyo ni rijiya. Na hau itace, guga ya cika, ina ja, da ƙarfina, lafiyata lau. Sai ta ce:

"Yaya, wai amaryar nan, mi ya haɗa ku? Ta wajen uwa ko ta wajen uba?"

Hankalina ya tahi. Ya bi kakata, ya bi ƙanenta da ya yi aure Bouza, ya shiga neman wa ya haifi wa. Ƙafafuna na nan bisa itace, amma ba mai tsaronsu. Na ji rijiya ta matso. Na ga ruwa can ƙasa, baƙi wuluk, da fuskata a ciki.

Wata tsohuwa da muke kira Inna ta damƙe zanena ta baya, ta fizgo ni. Na zube bisa laka. Igiya ta zare, guga ya tahi, tinjim!

Sai Inna ta dubi baƙuwa, ta juya mata zumuntar da gangan.

"Ke ɗiyar birni, ƙanenki na jiran matar da za ki kawo mishi ne in wagga ta faɗa?"

"Yayarsa nika, Inna... a'a, shi ne wana!"

"Kun gani? Ita ma ta rikice, ga ta bisa ƙasa."

Mata sunka fashe da dariya, baƙuwa kuwa tana kuka tana kakkaɓe mini laka. Anka aika aron ƙugiyar ciro guga. Muna jira, ina zaune daram, na warware mata zumuntar tun daga kakanni, ban yi tuntuɓe ba.

Yau an rufe rijiyar da siminti. 'Yan mata na tsaye gaban famfo da bidoninsu na ɗibar ruwa, suna surutu yadda sunka ga dama. Ni kuwa har gobe, in jikata ta tambaye ni dangi, sai na nemi wuri na zauna tukuna.