Hannun da Baba Ya Ɗora Kan Inji

Warin man inji ne ya tuno min da Baba yau. Shekarar da kamfanin ma'adinai ya sallami ma'aikata, tsofaffin motoci suka yi araha a unguwar Akokan ta garin Arlit. Baba ya tafi da ni da ƙanena Sani, mu zaɓi wadda za ta kai mu Tawa lafiya.

"Da sassafe ake duba mota," in ji shi. "In ta ɗumama sai ta ɓoye ciwonta."

Ya kama hannun Sani ya ɗora kan murfin injin. "Ji bugun zuciyarta, ɗana."

Ni kuwa, rawaninsa ya miƙo min in riƙe. Na tsaya ina shaƙar turarensa, ina jiran a kira ni. Har yau ina kishin wannan hannu na Sani.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa a Aljanna ni zai fara kira.