Malam Khalilu da Agogon da Ba Namu Ba

Duk mai bi ta bakin kasuwar Kontagora da hantsi ya san Malam Khalilu mai gyaran agogo. Yakan share gaban rumfarsa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya maƙala ɗan gilashinsa a ido, ba ya ɗagowa sai an kira azahar. Bana idon ya gaza, ya ce zai naɗe ƙyallen, kuma bai kamata irinsa ya tashi shiru ba.

Idan agogo mai tsada ya gagare shi, ba ya jagwalgwala shi don gudun a ce ya kasa. Sai ya gaya wa mai shi gaskiya, a aika Suwizalan wurin waɗanda suka ƙera shi. Yakan naɗe shi da audugar rimi, ya sa a gwangwanin taba, ya ɗinke da akoko, ya ɗiga jan danƙo a bakin ɗinkin, ya kai gidan waya a yi masa inshora. Mota ta kai Zungeru, jirgin ƙasa ya kai Ikko. Sauran hanyar kuwa, shi ma labarinta yake ji.

Ana tsakiyar yaƙin basasa Alhaji Mailafiya, wani falken shanu daga Ibeto, ya kawo agogon aljihu na azurfa, gadon mahaifinsa, ya daina motsi. Khalilu ya duba ya ce sai an aika, ya yi masa bayanin inshora: ka biya kaɗan, in kaya ya ɓata a biya ka. Alhaji ya tambaya, in bai ɓata ba fa? Aka ce kuɗin ya tafi ke nan. Sai Alhaji ya ce, "To Malam, wace addu'a zan yi, ya isa ko ya ɓata?" Shi ma Khalilu abin bai taɓa zauna masa a kai ba. Abin da ya sani kawai, ba zai tura kayan mutum ƙetaren teku tsirara ba.

Damina ta wuce, kaka ta wuce, shiru. Aka fara raɗe-raɗin ya sayar da agogon. Masu kawo gyara suka ja baya. Ranar da ƙunshi ya iso, sai ya aika aka kira Alhaji, ya farke ɗinkin a gaban jama'a don ya wanke kansa. Abin da ya fito ɗan ƙaramin agogo ne na mata, na zinariya, da duwatsu masu ƙyalli kewaye da fuskarsa.

Khalilu ya juya ƙunshin, sunansa ne a kai. Ya juya agogon, ga rubutu a bayansa. Aka kira Malam Shadrach, malamin makaranta mutumin Rijau, ya duba ya sake dubawa, ya ce wannan ba Ingilishi ba ne, bai san harshen ba. Wani ya ce ai wannan ne inshorar. Wani ya ce a'a, Turawa sun narkar da na Alhaji sun ƙera wannan. Shi Khalilu ya rasa ko kamfanin ne ya yi kuskure, ko a hanya aka musanya, ko shi ne ya rikita wani abu tun farko.

Alhaji Mailafiya ya ce magana ta ƙare, Allah ya musanya masa, a ba shi wannan ya kai wa uwargidansa, ya yafe nasa. Kowa ya ga mafita ta samu, don na zinariyar ya ninka na azurfar daraja. Har Saudatu, matar Khalilu, ta roƙe shi ya miƙa ya huta da bakin mutane. Ya daɗe yana kallon agogon a tafin hannunsa, sannan ya ce, "Alhaji, mai wannan ma tana can tana jira, kamar yadda kake jira."

Alhaji ya tashi a fusace, ya ce su haɗu gaban alƙali. Khalilu ya sayar da kekensa, ya yi wa agogon baƙuwar inshora, ya mayar da shi inda ya fito, Malam Shadrach ya rubuta wa kamfanin abin da ya faru. Ya koma rumfa hannu wofi, ba na azurfa, ba na zinariya. Alƙali ya saurari ɓangarorin biyu, ya ce shi kansa bai gane wa ke bin wa ba, a jira.

Sai bayan an gama yaƙi agogon Alhaji ya dawo, yana tafiya ras. Ƙunshin cike da hatiman ƙasashe barkatai, har yau ba wanda ya san inda ya yi yawo. Alhaji ya kara shi a kunne, ya goge ido da hannun riga, washegari ya aiko wa Khalilu da rago. Matar nan kuwa, ba a taɓa jin ko nata ya same ta ba.

Malam Khalilu, kai ne ka riƙe amanar matar da ba ka san sunanta ba, ba ka san ƙasarta ba, ba kuma za ta taɓa sanin naka ba. Ba don ka gane abin da ke faruwa ka yi ba, kanka ya ɗaure kamar na kowa. Abu ɗaya ne bai rikice maka ba: wannan ba namu ba ne. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba idonka lafiya. Ku kuma da jama'a ke danƙa wa kayansu, direba ne ko tela ko ma'aikacin gidan waya, ranar da kanku ya ɗaure, ku fara da mayar da abin da ba naku ba.