Waken Kaka a Cikin Kwalba

Har yau, in na ji ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, sai gabana ya faɗi.

A Toranke na tashi, a hannun kakata. Tana da wata 'yar gora a rataye a ɗakinta, cike da toka, a cikin tokar kuma akwai irin wake mai ɗigo-ɗigo kamar ƙwan zabuwa. Mahaifiyarta ce ta ƙullo shi a bakin zane daga gabas, kuma shi kaɗai ya rage mata na uwar. Kowace damina takan shuka shi a bayan gida, ta ware na iri. Shekarar da nake ba ku labari ƙwari sun yi ɓarna, abin da ya tsira bai cika tafin hannu ba.

Da bazarar nan wasu malamai suka zo makarantarmu koyar da ilimin sararin samaniya. Suka ce za mu gwada yadda 'yan sama jannati ke shuka babu ƙasa, da kwalba da auduga da ruwa, kowa ya kawo iri. Ni kuwa, sarkin son a sani, na juye gorar Kaka kaf, na raba wa duk wanda bai kawo ba.

Ya tsiro kuwa, gwanin sha'awa, har aka tafa mini. Wata malama ta ce, "Ka dai bar rabi a gida ko? Mai bincike ba ya zuba komai nasa a gwaji ɗaya." Na ce na bari. Ba a jima ba zafi ya ƙone tsiron a bakin taga.

Ranar da aka yi ruwan shuka, Kaka ta sauko da gorar ta zazzage a faifai. Toka zalla. Ta daɗe tana tona ta da yatsa. Na faɗa mata gaskiya ina kuka.

"Maigidana," in ji ta, "ya dai tsiro?"

"Ya tsiro, Kaka."

"To, alhamdu lillahi."

Ta mai da tokar cikin gora, ta rataye ta a inda take. Ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta rasu. Wallahi da dukana ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ni nake koya wa yara wannan gwajin, kuma babu mai taɓa kwalba sai ya ware rabin irinsa. Duk ranar kasuwa a Gaya nakan tsaya wajen masu awo, ina tona wake da yatsa. Su a zatonsu ƙwari nake dubawa.