Kamar Me, Ɗan Nan?

Goggona, yayar mahaifina, ba ta damu da tsarabar da ake ƙullowa a leda ba. Tun da idonta ya mutu, labari take so. Duk na dawo daga tafiya, sai in hau babur daga Dutse zuwa ƙauyenmu da ke bayan Kiyawa, in zauna a bakin tabarmarta ta yi ta tatsata.

Ni kuwa ina rubuta labarin tafiye-tafiyena a jarida, ina ji da kaina wajen kwatance. Amma Goggo tambaya ɗaya gare ta: "Kamar me, ɗan nan?" Da na ce mata teku kamar madubi yake, dariya ta yi har da tari, ta ce ashe ana iya rataye shi a bango. Haushi ya kama ni, don an yabe ni a kan wannan jimlar. Sai da na ce ta ɗauka fadamar garinmu ce ta cika da damina har ba a hango ƙetare, sannan ta gyaɗa kai. Daga nan na koyi yi mata awo da abin da ta sani. Benayen Legas ma duwatsun Dutse ne aka yi wa tagogi.

Ɗanta na fari ya rasu a kudu, inda yake fataucin shanu, can aka binne shi. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yi tambaya a kansa. Amma ta daina cin abincin kirki. Surukarta ce ta tsegunta min abin da ke cinta: an ce mata ƙasar can duk ruwa ce, tana ganin cikin taɓo aka kwantar mata da ɗa.

Da aiki ya kai ni garin da aka binne shi, abokan sana'arsa suka raka ni maƙabartar. Na yi masa addu'a, na daɗe a tsugune ina duban wurin. Bai yi kama da ko'ina a wajenmu ba. A mota na yi ta juya kwatance, duk wanda na ɗauko sai in ji ko dai ƙarya ne ko zai ƙara mata ciwo. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Da na isa wajen Goggo, bayan mun gaisa, ban jira ta tambaya ba. Na ce mata kabarin a kan tudu yake, ƙasar ja ce, ruwa ba ya kwanciya, kuma daga nan ana jin kiran salla daga masallacin 'yan shanu. Sai na jira tambayarta ta kullum.

Ba ta yi ba. Ta laluba ta kamo hannuna, ta shafa tafin.

"Da wannan ka taɓa ƙasar?"

"Da shi, Goggo."

Ta daɗe tana riƙe da shi, sannan ta ce wa surukarta a zubo mata tuwo.