Ɗan akwatin da wayar taubashina ta tsallake

Shekarun baya, ba abin da ya fi mini daɗi kamar tsokanar taubashina, ɗan kawuna. Makaho ne, amma wayarsa mai magana ce, tana karanta masa duk abin da yatsansa ya taɓa. Ƙarya kuwa na shara masa ba adadi: yau in ce hularsa a juye take, gobe in ce akuya na cin rigarsa. Shi ma ba ya raga mini. Wasan taubasai ke nan.

Sai wata ƙungiya ta buɗe gurbin koyon kwamfuta a Sakkwato don masu lalurar gani, ana cike fom a intanet. Ya ƙwallafa rai. Ranar kasuwar Illela na tarar da shi a rumfarsa ta cajin waya, baki har kunne, wai da kansa ya cike ya tura.

Na leƙa wayar. Fom na nan, bai tafi ba. Can ƙasa akwai ɗan akwatin da ake taɓawa a nuna an amince da sharuɗɗa. Wanda ya tsara shafin bai sa masa suna ba, sai wayar ta tsallake shi. Maɓallin turawa kuwa ba ya aiki sai an taɓa akwatin, kuma ba ya faɗin dalili.

Na ce, "Kai, abin ga bai tahi ba hwa."

Ya ce, "Mi? Yau kuma da wagga kaz zo?"

"Wallahi bai tahi ba. Miƙo in gwada ma."

To ni da halina, ina cikin rantsuwar dariya ta kuɓuce mini, ganin yadda ya cusa wayar a aljihu ya dafe. Ya ce, "Na ji dariyar! Tahi ka ba ni wuri."

Motar albasarmu na jira. Na ce a raina in na dawo daga Kudu na lallaɓa shi. Kafin in dawo an rufe karɓar fom.

Bai taɓa ɗora mini laifi ba, cewa ya yi ba rabonsa ba ne. Ni dai abin na cina har yau. Ina jin haushin wanda ya tsara shafin nan, don da ya liƙa wa akwatin suna da wayar ta karanta. Amma na fi jin haushin dariyar.

Tun daga ranar ban sake yi masa ƙaryar wasa ba. Kwanan baya, a wannan rumfar dai, ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce, "Wai mi niy yi maka kab bar wasa da ni?"