Ranar da Abla Raliya Ta Durƙusa

Abla Raliya, wato Malama Raliya, haka ɗalibanta ke kiranta, ta shekara goma sha biyu tana koyarwa a wata firamaren 'yan mata a unguwar Ranuna, can ƙasa mai tsarki. Kakanninta aikin Hajji ne ya kawo su daga Kano suka zauna, amma ita Hausar sai dai ta ji, ta amsa da Larabci.

Wata safiya aka kawo mata Mimi, 'yar wani likita Bahaushe sabon zuwa. Yarinya ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, aji kuwa ya fashe da dariya. Mimi ta cika ido da ƙwalla. Raliya ta san in kunyar nan ta kwana, yarinyar ba ta ƙara buɗe baki a aji.

Sai ita ma ta durƙusa, ta lalubo Hausarta. "Lafiya lau, 'yata. Ya gajiyar hanya?" Ta juya ga aji da Larabci: "Haka ake gaishe da manya a garin kakata. Wa za ta iya?"

Kafin a tashi, Mimi ce ke gyara wa sauran durƙuso, baki har kunne.

Da yamma Raliya ta durƙusa wa kakarta. Tsohuwa ta riƙe haɓa. "Ja'ira, sai yau? Wa ya koya miki?"

"Malamata, Kaka. Shekararta bakwai."