Tiyatar da Yaya Ta Ɓoye Mana

Shekara goma sha ɗaya yayata ta yi tana shugabantar makarantar firamare. Ƙararrawa ɗalibai suke kiranta a bayan idonta, don ba ta taɓa makara ba. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Ɗaki ɗaya muke kwana har na yi aure, amma ban taɓa ganin ta canza kaya a gabana ba. Da kayanta take shiga banɗaki, ta fito a shirye tsaf. Manema uku ta sallama babu dalili. Dangi suka ce girman kai ne, ni ma na taya su faɗa.

Wata Talata da hantsi, lokacin hutun makaranta, ina cikin wanki aka kira ni daga wani asibiti. Nas ce. Ta ce yayata ta fito daga tiyata lafiya, sai dai amai ya ƙi tsayawa, a zo a zauna da ita.

Na ce, "Tiyata kuma? Ai tana taron malamai a wani gari!"

"Lambarki dai ta rubuta mana," in ji nas ɗin.

Sai a cikin mota na lura takalman ƙafata ba iri ɗaya ba ne.

Na same ta a kishingiɗe, ana mata ƙarin ruwa, ƙirjinta naɗe da bandeji. Matar da tsawarta ɗaya ke tsayar da yara ɗari shida, ga ta leɓe a bushe, ta ƙanƙame ɗan kwano. Tana ganina ta yunƙura, babu abin da ya fito sai ruwa mai ɗaci. Kowane yunƙuri yana jan ɗinkin, hawaye na zubo mata.

Nas ta ce maganin barcin tiyata ne, yakan tayar wa wasu zuciya, balle mai amai a mota irin Yaya. Ta ƙara mata magani a cikin ruwan, ta ce kada a ba ta abinci tukuna, ruwa ma kurɓi-kurɓi, in aman ya taso ta rungume matashi.

Da ta fita na ce, "Yaya, ciwon daji ne? Don Allah kada ki ɓoye min."

Ta girgiza kai. "Buɗe jakata, Auta."

A ƙarƙashin tawul na tarar da rigar nononta. Ɓangaren hagu cike yake dam da ƙyallaye, an jera su ɗaya kan ɗaya, an ɗinke da hannu, irin ƙananan ɗinkin nan nata da na sani a jikin rigunana na makaranta.

"Na hagun bai taɓa girma ba," ta ce, idonta a rufe. "Tun ina shekara sha huɗu. Yau aka daidaita su."

Na zauna a bakin gado. Shekara talatin ke nan!

Na ce, "Ko Mama ba ta sani ba?"

"Na nuna mata sau ɗaya. Ta ce in yi shiru, zai biyo ɗan'uwansa." Ta ɗan murmusa. "Har yau yana hanya."

Dariya ta kusa kuɓuce min, sai aman ya sake tasowa. Na tallafe mata goshi, ta rungume matashin.

Sai bayan la'asar cikinta ya lafa, ta sha shayi rabin kofi. Washegari aka sallame ta, na wuce da ita gidana, ta yi sati biyu. Maigidana ya tambayi me ke damunta, na ce ciwon mata ne, bai ƙara ba.

Da likita ya ce ta warke, ta ce in raka ta shagon da ake sayar da rigar nono. Mai shagon ta tambaye ta lamba nawa take sawa. Yaya ta juyo ta dube ni.

"Ki auna ta," na ce wa matar.